Wane Burusli muka kalla? Sharhi kan Game of Death da fuskar da aka manna a madubi

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Cainis, a silima ne ko a gidan kallo na bayan layi, in ka tambaye shi finafinai nawa Bruce Lee ya yi, da wuya ya ce maka ƙasa da goma. Wani har rantsuwa zai yi cewa ya kalli ashirin, ya shiga lissafo su da yatsu: akwai wanda ya yi dambe da goggon biri, akwai wanda ya mutu ya je lahira ya ci gaba da jibgar mutane a can, akwai wanda aka ga Burusli uku tsaye wuri guda. Mai wannan rantsuwa ba zai yi kaffara ba, domin duk finafinan nan akwai su. Abu ɗaya ne babu a cikinsu, shi ne Bruce Lee.

Finafinan faɗa da ya ja ragamarsu, ya kuma kammala da ransa, huɗu ne kacal. Akwai na biyar da ya fara bai ƙarasa ba, wato Game of Death, wanda aka fitar a 1978, shekara biyar da binne shi. A nan ne ya sa kayan nan ruwan ɗorawa masu baƙin layi a gefe, ya tunkari wani zanƙalelen mutum da ya bar masa sawun ƙafa a ƙirji. Fim ɗin ya haura awa ɗaya da rabi, amma sabon abin da Bruce Lee na gaskiya ya yi a cikinsa bai wuce kimanin minti 11 ba.

Maganar ta sake tasowa ne saboda guntayen bidiyo da ke yawo a wayoyi, inda ake ganin marigayin yana magana ko yana faɗa da mutanen da ba a haifa ba lokacin da ya rasu. Sannan a watan Yunin 2025, a bikin finafinai na birnin Shanghai, an sanar da shirin amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen sabunta tsofaffin finafinan faɗa guda 100, ciki har da nasa. Masu kallo na tambaya: wanne ne na gaske, wanne ne haɗi, kuma wa ke da iko da fuskar mamaci? Tambayar ta girmi kwamfuta. Tun da almakashi da kwali aka fara yin ta.

Kalmomin da suka cakuɗe

Abin da muke kira fim ɗin Cainis, yawancinsa ba daga babban yankin ƙasar Sin ya fito ba. Daga Hong Kong yake, wadda a lokacin tana hannun Turawan Ingila, sai kuma Taiwan. Manyan kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar: Shaw Brothers, da Golden Harvest wanda Raymond Chow ya kafa a 1970 bayan ya bar Shaw. Golden Harvest ne ya ɗauki Bruce Lee.

A bakin yaran unguwa, duk wanda ya ɗaga ƙafa ya yi ihu kareti yake yi. Amma kareti na Japan ne, asalinsa tsibirin Okinawa. Na Sinawa shi ake kira kung fu, kalmar da asalin ma'anarta gwanintar da aka samu da wahala da naci. Abin dariyar shi ne, a fim ɗin da ya fi ɗaukaka sunan Bruce Lee a Asiya, masu faɗan Japan su ne miyagun da yake bi yana karairayawa. Yaron da ya fito daga kallo yana cewa “zan yi maka kareti”, da bos ya haɗa kansa bai sani ba.

Shi kansa Bruce Lee ya koyi salon Wing Chun ne a wajen malaminsa Ip Man, daga baya a 1967 ya fito da nasa tsarin da ya kira Jeet Kune Do, ma'ana hanyar tare naushi kafin ya iso. Ginshiƙin tsarin shi ne kada mutum ya ɗaure kansa da salo guda. A riƙe wannan, domin shi ne ruhin fim ɗin da ya so yi.

Kalma ta ƙarshe ita ce Bruceploitation, wadda Turawa suka ƙera daga sunansa da wata kalmarsu mai nufin tatsa ko ci da gumin wani. Ita ce sunan da aka ba ɗimbin finafinan da aka yi da masu kama da shi bayan rasuwarsa.

Huɗu da ɗoriya

An haife shi a San Francisco ta Amurka ranar 27 ga Nuwamba 1940, ya tashi a Hong Kong. Mahaifinsa ɗan wasan daɓe ne, shi ma ya fito a finafinai kusan ashirin yana yaro. A 1958 ya ci gasar rawar ca-ca ta Hong Kong, abin da masu yi masa kallon dodo ba su cika sani ba. Ya koma Amurka, ya fito a matsayin Kato a wani shirin talabijin tsakanin 1966 da 1967, amma Hollywood ba ta ba shi babban gurbi ba, sai ya dawo gida.

The Big Boss ya fito a 1971, an ɗauke shi a Tailan, labarin ma'aikacin kamfanin ƙanƙara. Fist of Fury ya biyo baya a 1972. A wannan shekarar ya rubuta ya kuma ba da umarnin The Way of the Dragon, inda ya kara da Chuck Norris a tsohon filin daga na birnin Rum. Na huɗu shi ne Enter the Dragon na 1973, haɗin gwiwa da kamfanin Warner na Amurka, wanda aka kashe wa dala 850,000 ya maido da ninkin-ba-ninkin.

Tun daga nan ruɗani ya fara, tun kafin jabu su shigo. A Amurka an fitar da The Big Boss da sunan Fists of Fury, shi kuma Fist of Fury na ainihi aka kira shi The Chinese Connection. The Way of the Dragon aka mayar da shi Return of the Dragon, don a ɗauka ci gaban Enter the Dragon ne, alhali ya riga shi fitowa. Finafinai huɗu suka zama masu sunaye bakwai. Mutum na iya biyan kuɗin ƙofa sau biyu a kan fim ɗaya, sai an fara ya ce, “Ashe wannan ne.”

Hasumiya mai hawa biyar

A ƙarshen 1972 ya fara ɗaukar Game of Death. Labarin da ya tsara ba shi da wata kwana-kwana. Wani tsohon zakaran faɗa mai suna Hai Tien ne miyagu suka kama 'yan uwansa, suka tilasta masa ya hau wata hasumiya mai hawa biyar a Koriya ta Kudu ya ɗauko abin da ke ƙololuwarta. Kowane hawa akwai gwani mai tsaro, kowanne da salonsa, kuma na sama ya fi na ƙasa haɗari. An so a ɗauki wajen ginin a wurin ibadar Beopjusa, cikin kuwa an gina shi a ɗakin ɗaukar fim a Hong Kong.

Hawa uku na sama ya samu ya ɗauka. A ɗaya akwai ɗalibinsa Dan Inosanto da salon sanduna na Filifin, inda suka gwabza da sandunan nan biyu da ake haɗawa da sarƙa ko igiya, waɗanda suka fasa ƙeyar yara da yawa masu gwaji a bayan gida. A na gaba akwai Ji Han-jae, ɗan Koriya, malamin salon faɗan ƙasarsu da ake kira hapkido. A na ƙarshe akwai Kareem Abdul-Jabbar, tauraron ƙwallon kwando mai tsawon mita 2.18, wanda shi ma ya taɓa ɗalibta a wajen Bruce Lee. Shi Kareem ba shi da wani salo da za a karanta, kuma nan ne darasin yake: salo ya ƙare, sai dabara. Jarumin ya lura idon dogon ba ya son haske, sai ya shiga huda takardun tagogi rana ta shigo.

Su ma kayan ruwan ɗorawa da manufa aka sa su. Kowane mai gadi yana sanye da kayan makarantarsa, shi kuwa ya zo da kayan motsa jiki da ba na kowace makaranta ba.

Ana cikin haka tayin Warner ya zo. Ya ajiye aikin da niyyar dawowa.

20 ga Yuli 1973

Ranar 10 ga Mayu 1973 ya yanke jiki ya faɗi yana cikin ɗora murya a Enter the Dragon, likitoci suka ce kumburin ƙwaƙwalwa ne. Ya farfaɗo. Ranar 20 ga Yuli, a gidan 'yar wasa Betty Ting Pei, ya yi kukan ciwon kai, aka ba shi ƙwayar Equagesic, ya kwanta bai tashi ba. Shekararsa 32. Binciken hukuma ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne sakamakon yadda jikinsa ya ƙi maganin. Daga baya wani marubucin tarihinsa, Matthew Polly, ya kawo hasashen bugun zafi a 2018, wasu likitocin ƙoda kuma a 2022 suka ce mai yiwuwa ruwa ne ya yi wa jikinsa yawa har gishirin jini ya ragu. A majalisun unguwa kuwa an daɗe da yanke hukunci: guba aka ba shi, ko wani tsohon malami ya taɓa masa jijiya. Mai kallon da ya saba cewa ekta ba ya mutuwa, ba zai yarda ƙwayar ciwon kai ta kayar da wannan mutum ba.

Enter the Dragon ya fito a Amurka wata guda bayan rasuwar. Duniya ta san shi a daidai lokacin da babu shi. Masu silima daga New York zuwa Beirut zuwa Kano na neman ƙari, ma'ajiya kuwa babu komai sai finafinai huɗu. A irin wannan hali ɗan kasuwa ba ya cewa kaya sun ƙare.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki

Ƙananan kamfanoni suka bazama neman duk saurayin da ke da siririn jiki, ya iya harba ƙafa, ya kuma yarda a yi masa askin kwano. Aka samu Ho Chung-tao a Taiwan, aka raɗa masa Bruce Li. Aka samu wani aka kira shi Bruce Le. Daga Koriya aka kawo Dragon Lee, wanda ya fi na ainihin kauri nesa ba kusa ba. Akwai Bruce Lai, akwai Bruce Leung. Kowannensu ya haddace abu uku: shafa hanci da babban yatsa, kukan nan mai kama da na kyanwar da aka taka wa wutsiya, da cire riga ko ba dalili.

A rubuce, harafi ɗaya ne ya raba Lee da Li da Le, kuma wannan harafin ne ke kare mai fim in an je gaban alƙali. A bakin Bahaushe kuwa ko wannan harafin babu. Duka Burusli ne. Yaron da ke gaya wa abokinsa abin da za a nuna yau bai yi ƙarya ba, mai fasta bai yi ƙarya ba, amma an sayar da kama da wane a kuɗin wane.

Da kasuwa ta cika, sai labaran suka fara sakin layi. A The Dragon Lives Again na 1977, Bruce Lee ya farka a lahira ya tarar da James Bond da Dracula sun haɗa kai za su yi juyin mulki, ya ƙulla abota da Popeye na zanen yara. A The Clones of Bruce Lee, wani masanin kimiyya ne ya ɗebi wani abu daga jikin marigayin ya ƙera guda uku. Wannan na biyun aƙalla ya faɗi gaskiyar sana'arsa tun daga suna.

Har Jackie Chan sai da aka gwada sa masa wannan riga. Yana cikin yaran da Bruce Lee ya doka a Enter the Dragon, kuma a 1976 darakta Lo Wei ya fito da shi a New Fist of Fury a matsayin magaji. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Sai a 1978, da ya watsar da ɗaure fuska ya koma jarumin da ake duka yana yarfe hannu don zafi, sannan ya samu kansa da Drunken Master. Shekarar da wani ya tsira daga inuwar mamacin, ita ce shekarar da kamfanin mamacin ya shiga kasuwar jabu da kansa.

Yadda aka ɗinka fim a kan minti 11

Golden Harvest na da abin da sauran ba su da shi: faifan ainihi da ba a taɓa gani ba. Suka kira Robert Clouse, daraktan Enter the Dragon, ya gina sabon labari. Aka ba Sammo Hung tsara faɗa, John Barry mai kiɗan finafinan James Bond ya yi kiɗa, aka ɗauko tsofaffin 'yan wasan Amurka irin su Dean Jagger da Gig Young da Hugh O'Brian. Wato an gayyato kowa wajen ɗaurin aure, ango ne kaɗai babu. Sai aka naɗa wakilai. Babban wakili shi ne Kim Tai-chung ɗan Koriya, Yuen Biao kuma na karɓar wuraren tsalle da alkafura.

Sauran aikin duk na ɓoye fuskar wakili ne, kuma marubutan sun yi wa matsalar dabara. Jarumin ya zama Billy Lo, tauraron fim da wata ƙungiyar miyagu ke matsa wa ya shiga hannunsu. Da ya ƙi, sai aka harbe shi a fuska ana tsakiyar ɗaukar fim. Bai mutu ba, amma ya bari duniya ta ɗauka ya mutu, aka yi masa tiyata, ya shiga ɗaukar fansa a ɓoye. Ka ga an samu hujjar naɗe fuska da bandeji, da hujjar gemun ƙarya, da hujjar baƙin tabarau mai rufe rabin fuska ko da tsakar dare, da hujjar hular kwano. Inda duk waɗannan suka gaza, sai a juya wa kyamara ƙeya, ko a kashe fitila.

Lokaci-lokaci, don kada mai kallo ya manta wa ya zo gani, sai a yanko fuskar Bruce Lee daga tsofaffin finafinansa a soka. Wakili zai juya a cikin ɗaki, sai a ga idon Bruce Lee da wani bango daban a bayansa, da wani aski daban, wani lokaci da wata riga daban, daƙiƙa biyu a dawo. Faɗansa da Chuck Norris na 1972 ma an ɗebo shi an buɗe fim ɗin da shi, aka sa sunan Norris a jerin 'yan wasa ba tare da ya taka wajen ɗaukar ba.

Sai kuma maganar madubi, wadda ita ce ta fi shahara. Billy Lo na zaune gaban madubi a ɗakin shiri, wani mugu na yi masa barazana. Dole fuska ta fito a madubin. Abin da aka yi shi ne aka yanko hoton kan Bruce Lee aka ɗora daidai inda fuskar wakili take. Kafaɗa na motsi, wuya na motsi, kai kuwa ya tsaya cak kamar hoton fasfo. Wannan ba aikin wani ƙaramin kamfani ba ne a lungu. Kamfanin da ya fi kowa sanin fuskar mutumin ne ya yi shi.

Akwai wurin da dariya ke tsayawa. Da aka zo nuna jana'izar ƙarya ta Billy Lo, hotunan jana'izar Bruce Lee ta gaskiya aka sa, da cincirindon mutanen Hong Kong masu kuka na gaske, har da gawarsa a buɗaɗɗen akwati.

Hasumiyar Koriya ta koma saman benen wani gidan cin abinci. Kayan ruwan ɗorawa, da aka zaɓa don su nuna 'yanci daga salo, suka zama kayan da ya tuɓe daga jikin wani ɗan daba mai babur. Me ya sa minti 11 kawai, alhali abin da aka ɗauka ya fi haka? Domin a labarin asali ba shi kaɗai ya hau hasumiyar ba, yana tare da abokan tafiya biyu, James Tien da Chieh Yuan. Sabon labari ba shi da gurbinsu, don haka duk inda suka fito aka sa almakashi.

Me ya sa ba a gane ba?

Wasu sun gane, musamman a Hong Kong. Amma yanayin kallo a wurare irin namu ya taimaki wakili. Silimun Kano na wancan lokaci, irin su Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, yawancinsu fili ne babu rufi, faifan da ke isowa ya sha yawo a majigin garuruwa da yawa, ya yi zane-zane, wani wurin ma an yanke an liƙa. Da zamanin kaset ya zo, kwafin kwafi ake kallo a ƙaramar talabijin, mutum arba'in a kan benci. A irin wannan hoto, duk mai askin kwano da baƙin tabarau Burusli ne.

Murya ma ba ta tona asiri. A Hong Kong ta wancan lokaci ba a ɗaukar sauti tare da hoto. Sai an gama a shiga ɗaki a ɗora magana da Mandarin ko Kantonis ko Turanci, a ɗora ƙarar naushi da ta iska. Shi ya sa baki ke rufewa magana na ci gaba, shi ya sa kuma hannu in ya motsa sai ka ji kamar an kaɗa tabarma. 'Yan tsirarun masu ɗora muryar Turanci ne ke yi wa finafinai da yawa, don haka na gaske da na jabu sukan yi magana da murya iri ɗaya. Cikin huɗun nan, a Enter the Dragon ne kaɗai mai kallon Turanci ke jin muryar Bruce Lee ta ainihi. Wanda ya saba da fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ya san yadda murya guda ke zama ta jarumai goma.

Kuma mai kallo ba binciken fuska ya zo yi ba. Ya zo ya ga ƙaramin mutum, wanda ba Bature ba, ya shiga gidan masu ƙarfi ya fito. Wannan ne ya sa finafinan suka karɓu a Afirka da unguwannin baƙaƙen fata na Amurka, kuma wakili ma yana iya isar da wannan saƙo.

Masu suka da masu kariya

Masu suka na kafa hujja da abu biyu. Na farko mutunci: sa gawar mutum a fim ɗin nishaɗi don a sayar da tikiti. Na biyu amana: mutumin ya bar aikin da yake so ya bayyana tunaninsa da shi, aka mayar da shi labarin 'yan daba irin wanda ake yi kullum, aka kuma rubuta sunansa a sama kamar da yardarsa.

Masu kariya na cewa da babu gara ba daɗi. Ba don fim ɗin 1978 ba, da faɗansa da Kareem ya daɗe a ma'ajiya, kuma da kayan ruwan ɗorawa ba su zama tambarin da har fim ɗin Amurka Kill Bill na 2003 ya ara ba. Suna ƙarawa da cewa Sammo Hung ya tsara faɗa masu kyau, Kim Tai-chung kuma gwani ne da aka hana shi fuskarsa. Fim ɗin ya yi kasuwa, har aka yi masa na biyu a 1981, wanda a cikinsa ma babu sabon abu ko na minti 11.

Akwai masu nazarin finafinai da ke kallon duk harkar jabun a matsayin wani irin zaman makoki: jama'a ba su shirya rabuwa da shi ba, kasuwa ta sayar musu da abin da zai rage zafi. Hujjar kariya tana da ƙarfi a kan minti 11 ɗin. A kan akwatin gawa kuwa ba ta da abin cewa sosai, kuma ko masu son fim ɗin sukan wuce wurin da sauri.

Wani abu ya ƙara wa fim ɗin nauyin da masu yin sa ba su nufa ba. Ranar 31 ga Maris 1993, ɗansa Brandon Lee, mai shekara 28, ya rasu bayan bindigar wasa ta harbe shi ana ɗaukar The Crow a Amurka, kusan yadda aka yi wa Billy Lo. Shi ma da wakili aka ƙarasa nasa fim ɗin, sai dai a wannan karon kwamfuta ce ta ɗora fuskar.

Daga kwali zuwa kwamfuta

Abin da aka yi da almakashi a 1978 yanzu sana'a ce mai tsari. An ƙarasa fim ɗin Furious 7 da 'yan uwan jaruminsa Paul Walker bayan rasuwarsa a 2013. A wannan shekarar kamfanin giya na Johnnie Walker ya fito da Bruce Lee na kwamfuta a wata talla, aka yi ta ce-ce-ku-ce domin an san shi ba mashayi ba ne. A Disambar 2019 kamfanin 'yarsa Shannon Lee ya kai wani jerin gidajen abinci na ƙasar Sin ƙara a Shanghai, yana neman yuwan (kuɗin ƙasar Sin) miliyan 210, saboda tambarinsu na wani mutum mai riga ruwan ɗorawa da ya ɗaga hannu irin na mahaifinta. Batun kwaikwayon fuska da murya na cikin abin da ya sa 'yan wasan Hollywood yajin aiki a 2023, kuma a Satumbar 2024 jihar California ta yi dokar da ta hana ƙera mamacin ɗan wasa da kwamfuta ba da izinin magadansa ba.

Ga mai kallo, bambancin jiya da yau shi ne kan da aka manna yanzu yana motsi tare da wuya. Wanda aka yaudara a 1978 kuɗin tikiti ya yi asara. Wanda aka nuna wa sanannen malami ko ɗan wasa yana tallar maganin da bai taɓa gani ba, ko yana kiran a zuba kuɗi a wani asusu, asararsa ta fi haka. Ga 'yan fim, har da na Kannywood inda yawancin aiki kan tafi da yarda da sanayya, tambayar ita ce me aka rubuta game da fuska da murya in ɗan wasa ya rasu aiki bai ƙare ba, kuma wa za a tambaya cikin magada.

Mai son tantance tsofaffin kuwa aikinsa da sauƙi. Ya duba shekara: duk fim ɗin da aka ɗauka bayan Yulin 1973 ba shi ba ne. Ya duba yadda aka rubuta sunan. In jarumi ya ƙi cire tabarau a cikin ɗaki, akwai dalili. A Game of Death kuma ba sai an gaya wa mutum inda na gasken ya shigo ba: ana hawa matakalar benen nan, sai tabarau ya ɓace, kyamara ta daina jin kunyar fuska, saurin hannu ya canza.

A shekarar 2000 wani marubuci mai suna John Little ya fitar da faifan asali da aka gano a ma'ajiya, sama da minti 30, an jera shi bisa rubutun da Bruce Lee ya bari, da abokan tafiyarsa biyu, da barkwancin da aka yanke. A nan aka ga yadda ɗaukar ta tsaya. Hai Tien ya gama da dogon mai gadi da kyar, numfashi na fita sama-sama, matakalar ƙarshe na gabansa babu mai tsaro. Bai hau ba. Ya juya yana tangaɗi ya fara saukowa.